Bakin Rijiya Ba Wurin Wasan Makaho Ba Ne: 'Ya'yanmu da Dararen Shigar Burtu

Daga ƙarshen watan Oktoba zuwa ranar farko ta Janairu, garuruwan kudancin Ghana suna shiga wani zango na shekara da za a iya kira lokacin rufe fuska. A daren 31 ga Oktoba wasu makarantun kuɗi da manyan kantuna da otal-otal na Ankara suna shirya wa yara bikin Halowin, a sa su yi shigar mayu da fatalwa da ƙwarangwal, a raba musu alawa. Idan Kirsimati ta zo, sai titunan Takoradi su cika maƙil da ƙungiyoyin masu shigar burtu na bikin Ankos, manya da yara, cikin tufafi masu launi-launi, ana busa ana kiɗa. Ranar sabuwar shekara kuma Winneba ta karɓa, inda ƙungiyoyi irin su Nobles da Egyaa da Tumus da Red Cross suke gasar kwalliya da rawa. 'Ya'yanmu na Zango suna cikin duk wannan. Wasu makaranta ce take aiko wa iyayensu da takarda, wasu abokai ne suke jan su, wasu kuwa kiɗa kawai suke ji su sulale, ba a sanin sun fita sai an zo rabon tuwon dare an ga kwano ɗaya babu mai shi.

Hukuncin shiga bikin da ba namu ba magana ce ta malamai, sun yi ta, kuma kowane uba ya san abin da ya ɗauka a cikinta. Abin da ya dame mu a nan shi ne jikin yaron: ya fita da ƙafafunsa, ya dawo da su. Uban da ya hana ɗansa zuwa Halowin yana da buƙatar wannan magana kamar uban da ya bari, domin titin da ke ƙofar gidansa ba ya tambayar yaro bikin wa ya fito kallo. Ban da haka ma, mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage.

Tun kafin mu ji sunan Halowin muna da tashe. Idan azumi ya kwana goma, yara a ƙasar Hausa sukan fito bayan an sha ruwa, ƙungiya-ƙungiya, su bi gida-gida. Wannan ya manna auduga a haɓa ya zama tsoho mai gemu yana dogara sanda, wancan ya cusa tsumma a riga ya yi ƙaton tumbi, wani ya rataya layu da saiwoyi ya zama mai magani, 'yan mata kuma su yi wasan miji da mata suna koya wa amarya zaman aure cikin raha. A ba su hatsi ko kuɗi, su yi gaba. Wannan wasa ya bi fatake ya fita daga gida. A Wagadugu da Bobo-Julaso har yanzu yara maza suna yin wasan da ake kira dodo a watan azumi, da fuskokin dabbobi da aka sassaƙa da ƙwarya, kuma masu bincike sun danganta zuwansa can da Hausawa 'yan kasuwa na ƙarni na 19. Sunan kansa ya isa shaida. A nan Zango kuwa babu wanda bai san yawon barka da Sallah ba, ranar da yara suke caɓa ado su bi gidajen dangi da na waɗanda ba dangi ba, daga Nima su tsallaka Mamobi, daga Sabon Zango su gangara har inda ƙafa ta kai su. Saboda haka yaro cikin shiga, a waje, yana ƙwanƙwasa ƙofar mutane don a ba shi wani abu, namu ne tun asali. Abin da Turawa suka koya a kan haɗarinsa ya shafe mu kai tsaye, kuma sun fi mu ajiye lissafi.

Shi Halowin asalinsa daga Ailan da Sikotilan yake, inda wani tsohon bikin ƙarshen kaka ya haɗu da jajiberin ranar waliyyai ta Kirista. Masu ƙaura daga can suka kai shi Amurka a ƙarni na 19, al'adar yara ta bin gidaje suna neman alawa kuma ta yi ƙarfi sosai bayan yaƙin duniya na biyu. Da ta yi ƙarfi sai tsoro ya biyo ta. Shekara da shekaru iyaye a Amurka suna faɗa wa juna cewa akwai mugaye da suke sa guba a alawa ko su cusa reza a cikin tuffa su miƙa wa yaran da ba su sani ba. Har asibitoci suka riƙa buɗe ƙofa a daren don a kawo alawa a ɗauki hotonta a duba. Wani masanin zamantakewa mai suna Joel Best ya ɗauki wannan zance da muhimmanci, ya bi rahotannin manyan jaridu tun daga na shekarar 1958, ya ci gaba da bi shekaru masu yawa, bai samu ko yaro ɗaya da aka tabbatar wani baƙo ya kashe shi da alawar Halowin ba. Mutuwar da aka fi ambata, ta shekarar 1974 a jihar Texas, uban yaron ne da kansa ya zuba gubar don ya karɓi kuɗin inshora, kotu ta kama shi da laifi, aka zartar masa da hukuncin kisa a 1984.

Mu ma muna da namu irin wannan tsoron, na ɓarayin yara da masu tsafi, kuma ba za mu ce babu dalili ba. Ƙasar nan ba ta manta da abin da ya faru a Kasoa a watan Afrilu na 2021 ba, lokacin da aka kashe wani ƙaramin yaro a cikin kango saboda neman kuɗin tsafi. Amma a duba su wane ne suka aikata: matasa biyu, waɗanda suka yaudare shi ta hanyar sanayya ta unguwa. Ba wani dodo ne ya sauko daga bayan gari ba. Idan muka tara dukkan gargaɗinmu a kan baƙon da ba a sani ba, mun koya wa yaro ya guji wanda da wuya ya haɗu da shi, mun bar shi sake da wanda yake gani kullum. Kuma tsoron baƙo yana da wani sharri da mu 'yan Zango ya kamata mu fi kowa ganewa, tun da a garuruwa da yawa mu ne baƙin. Ihu ɗaya na "ɓarawon yara" a daren da kowa ya rufe fuska ya isa a yi wa marar laifi rubdugu kafin a tambayi sunansa.

To, mene ne yake kashe yara a irin wannan dare? Mota.

A shekarar 2018 wasu likitoci masu bincike a Kanada suka fitar da sakamakon nazarin da suka yi a mujallar JAMA Pediatrics. Sun ɗauki bayanan haɗurran hanya na Amurka na shekara 42, daga 1975 zuwa 2016, suka kwatanta yammacin Halowin da yammacin mako guda kafinsa da na mako guda bayansa. Suka tarar mutum 608 masu tafiya a ƙasa mota ta kashe a waɗannan darare 42, kuma haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa ya ƙaru da kashi 43 cikin ɗari a kan sauran dararen. Ga yara 'yan shekara 4 zuwa 8 kuwa, haɗarin ya ninka kusan sau goma. Wannan fa a ƙasar da take da fitilun titi, da gefen hanya na masu tafiya a ƙasa, da alamun tsallakawa, da direbobin da suka san cewa daren nan na yara ne. Sai mu ɗauki wannan lissafi mu aza shi a kan titin Nima da magariba, ko kan hanyoyin Aboabo da Asawase a Kumasi, inda tireloli da tasi da okada da piragiya da aboboya suke rabon hanya ɗaya da masu talla da masu fitowa daga masallaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya, kuma nahiyarmu ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Wannan a ranar da babu biki ke nan.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A ƙarshen Oktoba rana tana faɗuwa a Ankara kafin ƙarfe 6, kuma mu da muke kusa da tsakiyar duniya ba mu da doguwar almuru. Ana kiran magariba duhu ya rufe. Shigar da aka fi so a Halowin baƙa ce, ta mayya da ta jemage, yaron tashe kuma yakan shafe fuska da gawayi. Direba ba ya ganin baƙin abu a kan baƙar kwalta sai ya zo dab da shi. Motar da take gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kafin ƙafar direba ta bar totur ta taka birki ta riga ta shafe tsawon gida guda, sannan a fara maganar tsayawa. Yaro ɗan shekara shida kuma bai iya auna gudun abin hawa ba ko da rana tsaka. Idan ya hango abokansa a ɗaya gefen ana miƙa musu wani abu, babu abin da ya rage a duniya sai wannan hannun da yake miƙawa.

Sai a ƙara masa fuskar roba. Duk wanda ya taɓa ɗaga irin fuskokin da ake sayarwa a Makola ko Kejetia ya leƙa ta cikinsu ya san abin da muke nufi: huda biyu ƙanana, waɗanda aka yanka daidai da idon babba, suna zamewa idan an yi gudu, suna toshe ganin gefe gaba ɗaya, numfashi kuma yana taruwa a ciki. Ta gefe mota take zuwa. Ta ƙasa kuma kwata take, kuma unguwanninmu ba su da ƙarancin buɗaɗɗun kwatoci masu zurfi da kaifin baki, balle babbar magudanar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi. Hausawa sun ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Mu kuwa da kuɗinmu muke sayen makantar, mu ɗaura wa yaro, mu sake shi a bakin rijiyar.

Maganin wannan ba shi da tsada, shi ya sa rashin yin sa ya zama abin kunya. A bar fuskar roba a yi zane a fuska da abin da aka san ba ya cutar da fata, ban da fentin gini da na mota, ban da baƙin cikin batir. Idan ƙungiya ce da dokarta ta ce sai an rufe fuska, kamar na Takoradi da Winneba, to yaro ya ture ta saman kai duk lokacin da zai tsallaka titi, ya mayar idan an isa fage. A rage tsawon riga kada ta riƙa shara a ƙasa tana harɗe ƙafa. Telolinmu, waɗanda da yawansu su ne ma suke ɗinka wa maƙwabta kayan bikin, suna iya ɗinka ɗan ƙyallen nan mai mayar da haske, irin na rigar 'yan sandan hanya, a hannu da baya da gindin wando. Ɗan kaɗan ya isa, kuma a idon yaro ado ne. Tocila a hannun na gaba da na baya. Sama da duka, babba ɗaya mai hankali yana tafe da su, wanda aikinsa kawai ƙirga kawuna da tsayar da ayari a bakin titi. Ba yayarsu 'yar shekara goma sha biyu ba, wadda ita ma wasan ne ya fito da ita.

Kada mu manta kuma cewa rabin masu tuƙin namu ne. Direbobin tasi da na tirela da samarin da suke kan babur, a gidajenmu suke kwana, a sahunmu suke salla. Ranar Sallah da yamma mun sha ganin yadda samari suke wasa da babura a tsakiyar unguwa, a ɗaga ƙafar gaba, a yi ta zagaye, jama'a na tafi, ƙananan yara cikin sababbin kaya suna tsaye a bakin kwalta. Liman da ya ware minti biyu a huɗubar Juma'ar da ta gabaci irin waɗannan ranaku ya yi magana a kan gudu ya yi aikin da allon gargaɗi goma ba su yi ba.

Haɗari na biyu wuta ce, kuma ita ce aka fi rainawa. A shekarar 2014 a Ingila, 'yar wata sananniyar mai gabatar da shirye-shirye a talabijin ta BBC, yarinya 'yar shekara 8, tana cikin shigar mayya a daren Halowin sai rigarta ta taɓa kyandir a ƙofar wani gida. Cikin ƙiftawar ido ta kama, ta ƙone ƙwarai a ƙafafu. Da uwar ta fito ta yi magana ne jama'a suka gane cewa dokar ƙasar tana lissafa irin waɗannan tufafi a cikin kayan wasa, ana gwada su da ma'aunin da bai kai na kayan barcin yara tsanani ba, har manyan kantuna suka ɗaura wa kansu gwaji mai tsauri daga baya. To, idan haka abin yake a inda ake gwaji, me za mu ce da wanda aka zube a ƙasa a kasuwa, ko aka ciro daga dilar gwanjo, babu takarda babu suna? Yawancinsu yadin roba ne. Yadin roba idan ya kama wuta narkewa yake yi ya manne da fata, ana ƙoƙarin cirewa yana tafiya da ita.

Mu dubi namu kuma da idon gaskiya. Gemun auduga, rigar buhu, hular takarda, igiyar rama da ake yi wa dodo gashi da ita, tsummokaran da ake cusawa a ciki: babu ɗaya a cikinsu da ba makamashi ba. Hanyar da yaran suke bi kuma cike take da wuta a daidai tsayinsu. Ga mai ƙosai da kaskonta na tafasasshen mai, ga mai tsire da garwashinsa, ga kurfoti a ƙofar ɗaki, ga aci-balbal a teburin mai shayi, ga kyandir a duk daren da aka ɗauke lantarki. A watan Disamba hunturu ya busar da komai, ga kuma nokawut da yara suke jefa wa juna, duk da cewa doka ta hana shi a ƙasar nan tun 1999 kuma 'yan sanda suna tunatarwa duk ƙarshen shekara. Karin maganar nan ta wanda gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, a nan ba ta buƙatar fassara.

Akwai abu biyu da ya kamata kowane yaro da kowace uwa su sani kamar sunansu. Wanda tufafinsa suka kama wuta kada ya ruga, gudu iska yake ba ta. Ya tsaya, ya kwanta, ya rufe fuska da hannu, ya yi ta birgima, na kusa kuma su lulluɓe shi da bargo ko babban zane mai kauri. Bayan ta mutu, ruwa mai sanyi mai tsabta za a yi ta kwarara wa wurin har kimanin minti 20, sannan a nufi asibiti. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, gishiri ko toka, waɗanda muka gada muna shafawa da kyakkyawar niyya suna riƙe zafi a cikin nama suna jawo ruɓa. Abin da ya manne da fata a bar wa ma'aikatan asibiti. Lambar neman agajin gaggawa a Ghana 112 ce.

Na uku turmutsitsi. A daren 29 ga Oktoba na 2022, a unguwar Itaewon ta birnin Seoul a Koriya ta Kudu, dubban matasa suka fito bikin Halowin, suka cushe a wani lungu mai gangara wanda faɗinsa bai wuce mita huɗu ba. Mutum 159 suka rasu, akasarinsu 'yan shekara ashirin da wani abu, majiya ƙarfi. Babu wuta, babu harbi, babu ginin da ya rufta. Matsi ne kawai ya hana ƙirji buɗewa, wasu a tsaye suka cika. Mu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ranar 9 ga Mayu ta 2001, a filin wasa na Ankara, bayan wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, fiye da mutum 120 suka mutu a kan matakala da bakin ƙofofi, kuma Nima tana cikin unguwannin da suka fi ɗaukar gawa. Abin da ya kashe ƙato a tsaye, yaya zai yi da yaron da kansa bai wuce ƙugun mutane ba? Wanda zai kai yara kallon Ankos ko na Winneba ya tsaya a gefe inda yake ganin mafita, ya guji lungu da tsakiyar ayari da bayan motar kiɗa. Idan ya ji jikin mutane ya fara taɓa shi ta kowane ɓangare, lokacin fita ya yi, kada ya jira ya ga abin da zai faru. A rubuta lambar waya a takarda a sa wa yaro a aljihu, ko a rubuta masa a dantse, domin yaron da ya ɓace cikin mutum dubu masu fuska iri ɗaya ba ya iya kwatanta kowa.

Ita alawar da aka fi jin tsoro, haɗarinta na gaskiya ƙanana ne kuma sanannu: ƙaramin yaro ɗan ƙasa da shekara huɗu ya shaƙe da minti mai tauri ko gyaɗa yana gudu, ko a ba shi abin da kwanan watansa ya wuce. A ce su kawo gida a duba a ci tare, magana ta ƙare.

Wanda ya fi wannan nauyi, kuma muka fi jin nauyin faɗa, shi ne shiga cikin gidaje da ɗakuna. A tsarin gidan Hausa na asali akwai zaure, akwai tsakar gida cike da mata, wasa a fili ake yin sa a gaban kowa. Gidajen haya na Zango ba haka suke ba: dogon lungu ne da ɗakuna a jere, kowane da mai shi, wasu gwauraye, wasu baƙin da suka zo jiya. Yarinyar da aka ce wa ta shigo ciki ta karɓa, ko yaron da aka ce ya rako a ba shi canji, sun fita daga idon jama'a ko da taku biyar ne. Doka ɗaya ce za a kafa musu, marar togiya: ana karɓa a bakin ƙofa, a gaban abokan tafiya, ba a shiga ɗakin kowa, ba a hawa mota ko babur ɗin kowa, ko da an san shi, ko da kawu ake kiransa. Wanda ya ji haushin wannan doka ya ba mu dalilin kafa ta. Idan kuma yaro ya dawo ya faɗi wani abu da aka yi masa, a saurare shi kafin a tuna da sunan gida.

Wasu za su ce duk wannan wahala ta mece ce, a hana fitar kawai a huta. An gwada. A Kano, cibiyar tashe, rundunar 'yan sanda ta hana wasan a azumin 2022, ta kuma maimaita a shekarun da suka biyo, saboda 'yan daba sun mayar da shi mafaka, suna fakewa da taron suna ƙwacen waya da faɗan unguwa da makamai. Ba ma zargin hukumar da ta ga jini ta ɗauki mataki. Amma a lura da abin da ya ɓace kafin a kai ga haka. Tashe yana da shugabanci a da. A Kano akwai Nalako, sarkin gwauraye, wanda aka san shi har fada, kuma kowace unguwa manya suna zaune a ƙofar gida sun san ɗan wane ne ya wuce. Da manya suka janye suka bar wa yara dare, sai waɗanda suka fi yara ƙarfi suka karɓe shi. Hanin ya kori ɗan shekara takwas mai gemun auduga, shi kuwa mai wuƙa da ma ba izini yake nema ba. A nan Ghana ma ba mu da ikon hana Ankos ko rufe makarantar da ta shirya Halowin. Iyakar abin da hani zai haifar a gidajenmu shi ne yaro ya fita a ɓoye, ba tocila, ba babba, ba wanda ya san inda ya nufa, kuma idan wani abu ya same shi ya ji tsoron faɗa.

Maƙwabtanmu Fante sun riƙe abin da muka saki. Ƙungiyoyinsu na shigar burtu suna da shugabanni da sunayen mambobi, ana atisaye makonni kafin ranar, an san hanyar da ayari zai bi, ƙananan yara kuma suna tafiya a cikin sahu manya na kewaye da su. Ba mu rasa kayan aikin yin haka ba. Muna da sarakunan Zango da masu unguwanni, muna da limamai da malaman makaranta waɗanda suka san kowane yaro da sunan ubansa, muna da magajiyoyi da ƙungiyoyin mata, muna da majalisun samari da muke kira bes, waɗanda ake yawan ambata da sharri alhali su ne suka fi kowa sanin lungunan unguwa da wanda yake baƙo a cikinta. A ba kowane bes lungunsa a daren da yara za su fita, su tare bakin titi, su rage wa babura gudu, su raka ayari. A je wurin ɗan majalisar unguwa da ofishin 'yan sanda tun da wuri a nemi a rufe titi ɗaya ko biyu na awa biyu, a gyara fitilun da suka mutu, a ɗora katako a kan kwatocin da suke kan hanya. A sa lokacin fita da na dawowa wanda duk unguwa ta sani. Iyayen da makaranta ta aiko musu da takardar Halowin kuma suna da haƙƙin tambaya, ko sun yarda ɗansu ya je ko ba su yarda ba: a cikin harabar makaranta za a yi ko a waje, da rana ko da dare, za a kunna kyandir, malamai nawa ne za su tsaya, wa zai mayar da yara gida?

Akwai wani dalili da ya sa wannan ya fi zama dole a kanmu. Mu 'yan tsiraru ne. Idan yaran wata unguwa suka yi ɓarna a daren biki, a jarida za a ce wasu yara. Idan namu ne, za a ce yaran Zango, kuma kalmar za ta bi ɗan da yake neman aiki da 'yar da take neman makaranta. Taron yaranmu da dare, fuska a rufe, babu babba a tare da su, abu ne da ɗan sandan da bai san al'adar ba zai iya yi wa mummunar fassara, kuma mun san yadda irin wannan kuskure yake ƙarewa. Dattijo ɗaya da rawani a gaban ayari, da takardar sanarwa da aka kai ofis tun da sati guda, suna canja yadda ake kallon taron gaba ɗaya.

Kalanda ma tana matso da mu. Azumi yana ja baya da kimanin kwana goma sha ɗaya duk shekara, kuma a 2030 zai zo sau biyu, ɗaya a farkon Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba. Daga nan zuwa wasu shekaru, dararen azumi da yawon Sallah za su riƙa faɗowa cikin hunturu da hazo, a lokaci ɗaya da Kirsimati da sabuwar shekara, lokacin da hanyoyi suka fi cika, direbobi suka fi gajiya, masu shan giya suka fi yawa a kan sitiyari, nokawut kuma yake tashi ta ko'ina. Bayan haka azumin zai gangaro Nuwamba, ya zo ya haɗu da Halowin kansa a ƙarshen Oktoba. Yaran da za su fita a waɗannan darare an riga an haifi da yawansu, wasu suna goye a bayan iyayensu mata yanzu haka. Zaman da sarakunan Zango da limamai da shugabannin samari za su yi a kan wannan, a Nima da Sabon Zango da Kumasi da Sekondi, gara a kira shi kafin Oktoban bana ya ƙare, kuma a gayyato teloli da shugabannin tashar mota da na masu babura su zauna a ciki.